Ƙafafun 'Yar Ja

Sata laifi ce, wannan ko yaro ya sani. Amma akwai abin da ya fi ta muni, shi ne mutum ya yi ɓarna da hannunsa, ya ɗauke ta ya kai ƙofar wanda ba ruwansa ya ajiye, sa'an nan ya koma cikin mutane yana taya su salati. Sunan wannan ƙage. A yammacin Zamfara kuwa, a zamanin nan da zukata suke a wuya, wanda ya yi wa makiyayi ƙagen sata ya gama haƙa masa kabari, ko da bai taɓa shi da ɗan yatsa ba.

A bayan garin Gummi, inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara, akwai gidan marigayi Alhaji Mamman mai fatu. A rumfar bayan gidan akwai wata tsohuwar mota ja, 'yar Ingila, mai kujera biyu, ba ta da rufi. Alhaji ya saye ta hannun wani Bature mai sayen auduga tun yana saurayi, mutanen gari suka sa mata suna 'Yar Ja. Bayan rasuwarsa ta zama wurin ƙwan kaji, har sai da babbar ɗiyarsa, Hajiya Naja'atu mai sayar da atamfa a Gusau, ta rantse sai motar ubanta ta sake hawa titi. Ta ɗauko wani bakanike daga Anka, ana ce masa Haris. Ya tada inji, ya yi fenti, ya ɗinke kujeru. Saura ƙafafu, kuma a kansu gidan ya rabu biyu.

Ƙafafun 'Yar Ja ba irin na motocin yanzu ba ne. Masu sili ne kamar na keke, kowace da noti ɗaya tak a tsakiya, babba, mai kunnuwa biyu da ake bugawa da guduma. Tasi'u, ƙanen Hajiya, ya ce a zubar da su a sayo sababbi masu walƙiya, kullum yana bin ta da hotuna a waya. Haris ya ce a kankare tsatsa a gyara na asali. Hajiya ba ta yanke ba tukuna, mota na ɗage bisa katakai tana jira.

Ran Alhamis aka yi ruwan farko na shekara. Ran Juma'a, da aka sauko daga masallaci, aka tarar da 'Yar Ja ba ƙafa ko ɗaya.

Daga bakin rumfar, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ga sawun bijimi da na takalmin roba irin wanda makiyaya ke sawa. Samari suka bi, sawun ya ratsa gonar gidan ya kai su bakin rugar Yusufu, Bafillacen da ubansa ya zauna a fadamar Alhaji tun da daɗewa da izinin marigayin. A nan cikin ciyawa aka tsinci noti ɗaya mai kunnuwa. Kafin la'asar samarin sintiri sun kewaye rugar da gorori da adduna. Da ƙyar mai unguwa ya ƙwato Yusufu ya kulle shi a zaurensa, ya roƙi a ba shi zuwa faɗuwar ranar Asabar. In ba a ga ƙafafun ba, samari suka ce, rugar wuta za ta ci, mai ita kuma a bar su da shi.

Hajiya Naja'atu ce ta aika Bukkuyum aka ɗauko Maharazu.

*

Maharazu tsohon maharbi ne, mutumin Zugu, ɓarayin daji suka tashe shi ya koma Bukkuyum da zama. Tun yana yaro yake bin sawu, na dabba da na mutum. Ya kuma ga abin da ya biyo baya a wani ƙauye kusa da su da aka kashe makiyayi kan zargin da ba a tabbatar ba. Ya taya binne waɗanda suka biya wannan jinin, cikinsu har da ɗan ƙanwarsa. Saboda haka da ya sauka daga kabu-kabu da hantsin Asabar, ya ga samari zaune ƙofar mai unguwa suna wasa bakin adda a dutse, bai yi musu sallama da fara'a ba.

Ya ɗaga kai gabas. Hadari na haɗuwa can ƙasa-ƙasa. In ya zubo, ƙasa za ta shafe duk abin da ta riƙe.

Shugaban samarin, Abdussamad, ya taso ya tare shi.

"Baba, sannu da hanya. Amma wahala ta anka ba ka. Sawu yat tahi ruga, noti mun tsince shi bakin ruga. Mi yar rage?"

"Ku nawa kunka bi sawun?"

"Muna da yawa."

"Kun bi shi, ko kun tattake shi?"

Abdussamad ya sosa ƙeya.

"Taho ka biyo ni," in ji Maharazu. "Inda nit taka nan za ka taka. In ka wuce gabana, komawa gida zan yi."

A rumfa suka sami Haris bakanike zaune kan tsohuwar taya, ya haɗa kai da gwiwa. Shi ma ana ta yi masa kallon banza tun jiya, don an san yana da aboki mai sayen tsohon ƙarfe a Bagega, wanda ya taɓa zuwa ya taya motar. Maharazu ya tsuguna ya ɗauki notuna ukun da ɓarawo ya bari a ƙasa, ya karɓi na huɗun hannun Abdussamad, ya jera su. Biyu kunnuwansu lafiya lau. Biyu kuwa sun sha bugu har sun lanƙwashe, kuma bugun ta fuska biyu ne.

"Kai, bakanike, mi yas sa waɗanga biyu sunka sha wuya?"

Haris ya duba, ya dafe kai. "Wayyo, sun kashe min noti! Baba, na dama ne. Motar nan notinta na dama a juye yake. In ka buga shi yadda aka saba kwance noti, ƙara ɗaure shi kake. Wanda ya yi wannan ya daɗe yana ɗaurewa kafin ya gane. Kuma da ƙarfe ya buga, dubi nan. Ni gudumar tagulla nake sa musu, tana cikin akwatina a kulle."

"Wa yas san da juyin nan, ban da kai?"

"Tasi'u. Kullum yana nan muna gardama. Na nuna masa har ya gaji."

"Abokinka na Bagega fa?"

"Shi ma na nuna masa, don in burge shi. Baba, wallahi da ni ne, da kafin liman ya gama gaisuwa na kwance su duka ba wanda ya ji."

Abdussamad ya yi tsaki. "To ai ka gani. Bahillace mi yas sani ga noti?"

Maharazu bai ko dube shi ba.

*

Ya nemi iso cikin gida. Inna Habsu, matar marigayin, tana zaune kan tabarma tana ɓare gyaɗa, Hajiya Naja'atu na gefenta ido ya yi ja.

"Inna, kin ji wani abu jiya?"

"Na ji mana, kunnena bai mutu ba. Ana huɗuba ga lasifika, ana ƙwanƙwasa bayan gida. Nic ce wanga yaro na Anka ba ya tsoron Allah, mutane na masallaci shi yana fama da ƙarhe. Da fari kaɗan anka buga. Daga baya kamar maƙera."

"Ba ki leƙa ba?"

"Da wace ƙahwa? Ni ma tawa sai an canza ta, Naja'atu ta ƙi sayo min sabuwa."

Hajiya ba ta yi dariya ba. "Baba Maharazu, ni ƙafafun nan in sun tafi sun tafi. Ba na son a zubar da jini kan motar ubana. Yusufu tare muka tashi, uwarsa ce ke kawo mana nono. Amma in na faɗi haka a waje, cewa za su yi ina ɗaure wa ɓarawo gindi."

"Ina ƙanenki yake lokacin salla?"

Ta sunkuyar da kai. "Ya ce yana masallaci. Ba wanda ya gan shi."

Aka kira Tasi'u. Ya shigo yana juya makullin babur a yatsa, ya gaida Maharazu sama-sama.

"Wane sahu kat tsaya jiya?"

"Can baya."

"Kusa da wa?"

"Baba, ni fa ba a ɗauko ka don ni ba."

"Kai kad daɗe kana cewa a zubar da ƙahwahun nan. Yau babu su, dole a sayo sababbi. Wa yaf hi ka murna cikin garin ga?"

Tasi'u ya dubi yayarsa, ya dubi Inna. Can ya tashi ya shiga ɗakinsa, ya fito rungume da wani abu cikin buhu. Sabuwar ƙafar mota ce mai walƙiya kamar faranti.

"Tasha na je. Direban Kaduna ya kawo min ita in gwada, ba da sanin Yaya ba. Na so ta gan ta a jikin mota, ƙila ta yarda. Ku tambayi 'yan kamasho, har sallar ta wuce ni ina jiransa."

Haris, da ke tsaye bakin ƙofa, ya leƙo ya ga ramukan noti biyar a jikinta. "To a ina za ka ɗaura wannan? A goshinka?"

"Ka rasa Juma'a saboda faranti," in ji Inna Habsu. "Allah shi shirye ka."

Da Maharazu ya fito, wani dattijo mai faɗin kafaɗa ya tare shi da ƙwaryar fura. Hamza ke nan, wanda ya tashi a gidan tun yana yaro, shi ke riƙe da gonakin marigayi da shanun huɗa, gidan da yake ciki ma Alhaji ne ya gina masa.

"Sha ruwa, Malam, rana ta yi. Wallahi tausayin yaron nan Yusuhu nika ji. Ni nif fara ganin sawun, da na san ruga za shi kai mu da na yi shiru. Amma ka san mutanen ga, ko ka shekara nawa da su."

Maharazu ya kurɓi furar, ya yi godiya, ya miƙa ƙwaryar.

*

A zauren mai unguwa Yusufu na zaune a ƙasa, gefen bakinsa a kumbure.

"Jam na, Yusuhu?" Maharazu ya tambayi lafiyarsa da Fillanci.

"Jam tan, Baba," ya amsa, amma muryarsa ba ta lafiya ba ce.

"Ina kake jiya da rana?"

"Gulbi, da shanu. Ni kaɗai."

"Iyalinka fa?"

"Sahura ta kwashe yara sun shiga daji tun jiya. Ban san inda sunka kwana ba. Ƙaramin yana zazzaɓi." Ya ɗago kai. "Baba, mi zan yi da ƙahwar mota? Nagge zan ɗaura ma?"

"Kana da takarkari?"

"Ina da ɗaya. Shi ka ɗaukar muna kaya."

"Wa ka son ka tashi daga fadama?"

Yusufu ya girgiza kai. "Ban iya kiran sunan kowa. Amma bana sau biyu ana aiko min wai ƙasar ta yi kyau da shinkahwa, in matsa gaba. Nic ce Alhaji ya ba ubana zama, sai in Hajiya ta ce in tashi."

"Wa aka aikowa?"

"Yara. Ba su hwaɗin wanda ya aiko su."

Ta tagar zauren ana jin samari suna gardama kan wanda zai kawo fetur.

*

Maharazu ya koma rumfa ya ɗauki sawun daga tushe, Abdussamad na bayansa. Farkon hanyar duk an tattake ta. Sai da suka shiga gona, inda samarin suka bi ta kan hanya suka bar gefen shinge, sa'an nan ya sami ƙasar da ba a taɓa ba. Ya tsuguna ya daɗe.

Kofaton san dogo ne, bakinsa ya yi tsini ya ɗan lanƙwasa sama. Dabbar da ke yawon kiwo ƙasa na cinye mata kofato, wannan kuwa ta yi rani a ɗaure a turke. Gaba kaɗan ga kashi. Ya fasa shi da tsinke, ya ga dusa da ɓawon wake.

"Shanun Yusuhu dusa suka ci?"

"A'a," in ji Abdussamad. "To amma yana iya kwance san wani, don kada a gane nashi."

"Yana iyawa."

Suka ci gaba. A wani wuri ƙasa ta birkice, sa ya yi tsalle-tsalle, ga kuma shatin ƙafar mota a taɓo inda kaya suka faɗi. An sake ɗaurawa an wuce. Kusa da wata tsamiya akwai tarin takin da aka jibge ana jiran watsawa. Kafin tarin, kofato na nutsewa a ƙasa. Bayansa kuwa sama-sama yake takawa. Maharazu ya ga wannan, ya kau da kai kamar bai gani ba, don Abdussamad bakinsa ba ya riƙe magana.

Abin da ya tsayar da shi yana gaba, a wani shimfiɗaɗɗen rairayi mai laima. Ya kwanta rub da ciki yana duban sawun ta gefe. Ya matsa gaba, ya sake kwantawa. Ko'ina abu ɗaya ne: takalmin roba a bisa, kofato a ƙarƙashi. Ba inda kofato ya hau kan takalmi.

Ya tsinke ganyen tumfafiya masu faɗi ya rufe wurin, ya danne da duwatsu.

"Mi kag gani, Baba?"

"Hadari nig gani. Ɗaga ƙahwa."

Daga bakin ruga sawun ya faɗa cikin rafi, ya fita a kan marmara, ya ɓace. Maharazu ya yi ta kewaya bai same shi ba. Ya haƙura ya juyo gari, ya ce zai kama ruwa, ya zaga ta bayan gidan Alhaji inda turakun shanun huɗa suke. Bijimai biyu ne a ɗaure. Ɗaya fari, yana tuƙa abinsa. Ɗayan baƙi, ya daki ƙasa ya yi huci da ganin baƙo. Kofatonsa dogo ne. A wuyansa akwai kantar karkiya, wannan ba abin mamaki ba ne ga san noma. Amma a gadon bayansa akwai sabuwar gogar igiya, ƙuda na bi.

*

La'asar sakaliya mai unguwa ya tara mutane a filin ƙofar gidan Alhaji. Iska ta fara kaɗawa, sama ta yi baƙi. Maharazu ya sa aka share fili tas, aka yayyafa ruwa. Aka fito da Yusufu. Aka shimfiɗa wa Inna Habsu da Hajiya tabarma a bakin zaure. Sa'an nan ya ce wa Hamza ya kawo baƙin bijimin.

Hamza ya ɗan tsaya. "Malam, wanga sa ba shi da kirki. Bari in kawo farin."

"Baƙin nika so."

Aka kawo shi aka ɗaure. Maharazu ya ajiye buhun ƙaiƙayi a ƙasa.

"Jama'a, wanga sa shi yaɗ ɗauki ƙahwahun mota. Ga kofatonai, ga tabon igiya ga bayanai, kowa shi duba. Yanzu ina son a aza mai buhun ga. Tasi'u, fara."

Tasi'u ya ɗauki buhu ya matsa. Bijimin ya sunkuyar da kai ya yi wani irin gurnani. Tasi'u ya yar da buhun ya ruga, takalminsa ɗaya ya tsaya a fili. Wasu suka yi dariya, dariyar ba ta daɗe ba.

"Haris."

"Baba, ka ce in shiga ƙarƙashin tirela in shiga. Wannan kam a'a."

Abdussamad ya ce shi zai gwada. Ƙahon ya tsaga masa hannun riga kafin ya ja da baya.

"Yusuhu."

Yusufu ya tashi. Bai ɗauki buhun ba tukuna. Ya je ta gaban san, yana yi masa wata magana ƙasa-ƙasa da harshensu, ya bar shi ya shinshini hannunsa, ya sosa masa ƙarƙashin wuya. Can ya ɗora buhun, sa ya tsaya.

Fili ya ɗauki hayaniya. "Kun gani! Shi na! Ya san shi!" Gorori suka tashi sama. Hajiya ta rufe fuska da mayafi.

"Wanda yam matsa, shi da Allah!" Maharazu ya daka tsawa. "Ban ƙare ba. Yusuhu, kai shi gindin darbejiya can."

Yusufu ya kwance igiya, ya riƙe ta sako-sako, ya juya baya ya kama tafiya yana ɗan taɓa harshe. San ya yi turjiya kaɗan, sa'an nan ya bi shi a baya har gindin itacen.

"Hamza, maido muna shi."

Hamza ya ɗauki tsumagiya, ya zaga bayan san ta hagu, ya ce, "Haa! Mu je!" Sa ya miƙe tiryan-tiryan kamar yana kan kunyar gona, Hamza na biye da shi.

"Kowa shi tsaya inda yake. Mai unguwa, Abdussamad, ku taho ku duba ƙasa."

Suka sunkuya. A layin Yusufu, kofato ya tattake sawun mutum, sai gefe-gefensa ake gani. A layin Hamza, sawun mutum ne kwance a kan kofato.

"Makiyayi gaba yaka shiga, dabba ta biyo shi. Haka ubanai ya koya mai, ko cikin barci haka za shi yi. Mai garma kuwa baya yaka bi. Abdussamad, ɗauki mutum uku ku ruga inda nir ruhe da ganye, ku dawo ku hwaɗi ma jama'a wane iri kunka gani. In kun dawo ku biya ta tsamiya ku tone tarin taki."

Suka ruga.

Hamza ya yi murmushin yaƙe. "Malam, ai duk ɗan gari bayan sa yaka bi. Ba ni kaɗai ba."

"Gaskiya kaf faɗi. Wannan ya wanke Yusuhu, bai kama ka ba. To cikin 'yan gari, nuna min wanda sa wanga ka bari shi aza mai kaya. Uku sun kasa gabanka. Kira na huɗu."

Hamza ya duba hagu, ya duba dama. Ba wanda ya motsa.

Sai ga su Abdussamad sun dawo, kowanne ɗauke da ƙafar mota, taki na zuba daga tsakanin sili. Abdussamad ya ajiye tasa a gaban mai unguwa, yana haki.

"Takalmi na bisa. Ko'ina takalmi na bisa." Ya kasa ɗaga ido ya dubi Yusufu.

"Wa ya jibge takin?" in ji mai unguwa. "Wa zai watsa shi?"

Kowa ya juya ya dubi Hamza.

Inna Habsu ce ta yi magana, ba ta ɗaga murya ba. "Hamza. Ni niy yi maka kaciya da hatsin gidan ga. Ni nik kai maka lehe. Dube ni."

Tsumagiyar ta faɗi daga hannunsa. "Inna, tun ina yaro nika noma ma gidan ga. Ƙasar da taf hi kowace kyau an bar ma shanu suna kashi. Na roƙi Alhaji, ya hana. Na yi ma Hajiya magana, tac ce in bari. Ni tashi kawai niso shi yi. Ban ce a kashe shi ba."

"Ba ka ce ba," in ji Hajiya. "Jiya da ake dukansa kana ina? Fura kake damawa?"

Sai samarin suka juya. Gororin da aka kawo don Yusufu suka nufi Hamza, har da masu cewa a kawo fetur ɗin. Maharazu ya shiga tsakani, tsoho da shi, ya buɗe hannuwa.

"Ku ji kunya! Jiya kun tabbata, yau ma kun tabbata. Da mai unguwa bai ruhe zaure ba, da yanzu kuna da gawa, da masu zuwa neman jininta suna bisa hanya. Na ga irinta da idona, na ɗauki gawarwaki har kafaɗata ta mutu. Wanga na hukuma na. Ku kuwa in kuna son aiki, akwai mace da yara cikin daji, ga ruwa tahe. Ku aje sanduna ku bi Yusuhu ku nemo su."

Abdussamad ne ya fara ajiye addarsa. Ya tuɓe hularsa ya tsaya gaban Yusufu. Yusufu ya dube shi, ya wuce gaba, suka bi shi a baya. Ba su kai bakin gona ba ruwa ya sauko. An samo Sahura da yaran a wata tsohuwar bukkar masu gadin gona, a jiƙe, ƙaramin na rawar ɗari, amma da ransa.

*

Ƙafa uku sun fito lafiya. Ɗaya ta lanƙwashe inda ta faɗi, Haris ya kai ta Kano aka miƙe ta aka sake mata sili. Hajiya ta ce gardama ta ƙare, da ƙafafun da ubanta ya hau za a hau, Tasi'u ya mai da farantinsa Kaduna. Ta kuma kira mai unguwa da liman, a gabansu ta ce fadama Yusufu zai zauna, shi da 'ya'yansa, muddin gidan Alhaji na tsaye.

Hamza kuwa ga abin da ya samu. Alƙali ya ɗaure shi, ya yi damina a gidan yari, gonar kansa ta kwana ba shuka. Riƙon gonakin Alhaji ya fita hannunsa. Bijiman nan biyu aka kwance aka ba wani. Gidan da aka gina masa, Inna Habsu ta ce iyalinsa su zauna don ba su suka yi ba, amma shi kada ya sake taka zaurenta. Shaidarsa ta mutu a unguwa, ba a kiransa ɗaurin aure, ba a sa shi rabon gado, in ya yi sallama a majalisa sai a amsa a ci gaba da wata hira. Da ya fito bai iya zaman garin ba. Ya tafi Bagega, da furfurarsa, yana ɗaukar wa masu haƙar zinare buhun dutse. Fadamar da ya yi duk wannan dominta, ko taki ɗaya bai samu a cikinta ba.